Na'ura Mai Tace Bidiyon Wasan Daɓe: A Bar Ta Ta Yanka, Amma a Ajiye Asali

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu duba wata fasaha da ta fara kutsawa cikin harkar wasan daɓe, wato manhajar kwamfuta da ke karɓar bidiyon wasan da aka ɗauka a kan dandamali, ta yayyanka shi, ta harhaɗa shi, ta fito da shi tamkar ƙwararren mai tace fim ne ya kwana a kansa. Wasu na murna da ita, wasu na ɗari-ɗari, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ni dai matsayata a fili take, kuma ita zan kare daga nan har ƙarshen shirin: ya kamata masu wasan kwaikwayo da makaɗa da 'yan rawa su rungumi wannan fasaha, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a ajiye asalin hoton da ya ɗauko dandamali gaba ɗaya, kada a taɓa goge shi. Na biyu, magana ta ƙarshe kan abin da za a nuna ta kasance a hannun mai ba da umarni da 'yan wasansa. Ku gyara zama, mu bi maganar daki-daki.

Mu fara da matsalar da ta haifi fasahar. Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon wasan makaranta, ko na wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a zauren taro, ya san yadda abin yake. An kafa kyamara ɗaya a can bayan zaure, an saita ta yadda za ta haɗo dandamali daga wannan gefe zuwa wancan. Komai ya shiga, amma babu abin da ake gani sosai. Fuskar ɗan wasa ba ta fi ƙwayar wake ba a kan allo. Kana jin murya, amma sai ka yi ta lalube kafin ka gane mai maganar. Uwa ta zubar da hawaye a tsakiyar wasa, 'yan layin gaba sun gani har jikinsu ya yi sanyi, kai kuwa mai kallon bidiyo ba ka ga komai ba sai wata mace a tsaye. Idan kuma aka ba wani yaro kyamarar ya riƙe, sai ya yi ta jawo hoto yana mayarwa, yana bin wannan yana sakin wancan, kafin ya juya kan mai magana an riga an wuce wurin. Wasan da ya girgiza zaure sai ya koma abin da ba a iya kallon minti goma nasa. Dalilin kuwa a bayyane yake. A cikin zaure idon mutum ne ke yi masa aikin tacewa, yana tsalle daga fuska zuwa fuska ba tare da ya sani ba. A kan ƙaramin allo wannan dama ta ɓace, dole wani ya yi wa mai kallo zaɓin.

Manyan gidajen wasa na duniya sun daɗe da magance wannan matsala, amma da kuɗi suka magance ta. Gidan wasan opera na Metropolitan da ke New York ya fara watsa wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen silima a ƙarshen watan Disamba na 2006. Gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya bi sahu a watan Yunin 2009, da wasan Phèdre wanda Helen Mirren ta fito a ciki. Kowane irin wannan aiki yana cin kyamarori da yawa, kowace da mai riƙonta, ga daraktan hoto a cikin ɗaki yana ba da umarnin yanka, ga gwajin kyamara da ake yi kafin ranar wasa. Wasan Hamilton da aka ɗauka a watan Yunin 2016 sai da aka haɗa wasannin da aka yi a gaban 'yan kallo da wani zama na musamman da babu kowa a zaure, don a samu shiga da kyamara kusa da 'yan wasa, kuma kamfanin Disney ya sayi fim ɗin a kan dala miliyan 75 ya sake shi a watan Yulin 2020. To amma wasa nawa ne a duniya ke samun wannan gata? Ku ɗauki bikin wasanni na Fringe da ake yi kowane watan Agusta a birnin Edinburgh tun 1947. A shekarun da ya fi cika, wasannin da ake gabatarwa sun haura 3,000. Ko gidan talabijin mai ƙarfin BBC ba zai iya tura ma'aikata sai zuwa kaɗan daga ciki ba. Sauran duk a daren da aka yi su suke ƙarewa. Wannan giɓi shi ne ya sa masu bincike suka tambayi kansu: shin kyamara ɗaya da kwamfuta ɗaya za su iya yin wani abu daga cikin aikin wannan runduna?

Amsar ta fara ne daga yawan ɗigon hoto. Kyamarar da ake kira 4K tana ɗaukar hoto mai ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan 8. Allon talabijin mai kyau na yau da kullum kuwa ɗigo 1,920 ne a kwance da 1,080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Ashe ke nan a cikin hoton 4K guda ɗaya akwai hoton talabijin cikakke har huɗu. Saboda haka idan ka kafa kyamarar a bayan zaure ta haɗo dandamali duka, kana iya yanko kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ka cika allo da shi, bai dusashe ba. Wannan yanki da aka yanko, idan aka sa shi yana bin ɗan wasa duk inda ya nufa, sai ya zama tamkar wata kyamara ce daban da mutum ke riƙe da ita, alhali babu ita, lissafi ne kawai. Daga kyamara ɗaya ta gaske sai a fitar da kyamarorin lissafi masu yawa: wadda ke kan miji, wadda ke kan mata, wadda ta haɗa su biyun, wadda ta haɗo su da suruka. Idan 'yan wasa uku ne a dandamali, hanyoyin haɗa su a hoto bakwai ne. Idan huɗu ne, 15. Idan goma ne, 1,023. Babu gidan wasan da zai ɗauki masu kyamara dubu, amma kwamfuta ba ta jin nauyin wannan.

Aikin da ya kafa tushen wannan hanya a fagen wasan daɓe an yi shi ne a cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Faransa mai suna Inria, reshenta na Grenoble. A 2014 Vineet Gandhi da Rémi Ronfard, tare da Michael Gleicher na Jami'ar Wisconsin a Amurka, suka bayyana yadda za a fitar da hotuna iri-iri daga kyamara ɗaya, kuma sun yi aiki da bidiyon da aka ɗauka a gidan wasan Célestins na birnin Lyon. Abin da suka fahimta shi ne, gano inda ɗan wasa yake tsaye shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin shi ne koya wa na'ura ladabin mai ɗaukar hoto. Ɗan wasa ba ya tsayawa cak, yana girgiza kai, yana sunkuyawa, yana ɗaga hannu. Idan hoto ya bi kowane motsi nasa, mai kallo jiri zai kwashe shi. Ƙwararren mai kyamara yakan tsaya cak muddin ɗan wasa yana cikin hoto, sai ya ga zai fita sannan ya bi shi a hankali, ya fara da sauƙi ya tsaya da sauƙi. Yakan bar 'yar tazara a saman kai, ya bar fili a gefen da fuska ke dubawa, kuma ba ya yanke rabin jikin wanda ke tsaye kusa: ko dai ya shigo da shi duka ko ya fitar da shi duka. Waɗannan ɗabi'u su suka mayar lissafi. Kuma da yake na'urar tana aiki ne bayan an gama wasa, tana da wata dama da mai kyamara ba shi da ita: ta riga ta san inda ɗan wasa zai nufa, don haka ba ta makara.

Saura mataki mafi wuya, wato zaɓi. Ga hotuna da yawa a gabanka, wanne za a nuna a wannan daƙiƙa, kuma yaushe za a yanka zuwa wani? Hanya mafi sauƙi ita ce a bi mai magana. Sashen bincike na BBC ya gina wata manhajar gwaji mai suna Ed wadda ya bayyana a 2018, don shirye-shiryen tattaunawa inda mutane ke zaune a jere, tana gano fuskoki da mai magana, tana bin ƙa'idojin da aka tattaro daga bakin ƙwararrun ma'aikata. Amma wasan kwaikwayo ya wuce zaman tattaunawa. Shi ya sa Gandhi, bayan ya koma cibiyar fasahar sadarwa ta Hyderabad a Indiya, shi da abokan aikinsa suka fito da wata dabara a 2020 mai suna GAZED. Sukan zaunar da 'yan kallo kaɗan a gaban faffaɗan hoton, wata na'ura tana bin ƙwayar idonsu tana rubuta inda suke kallo a kowane lokaci. Inda idanu suka fi taruwa, nan ne manhajar ke ɗauka da muhimmanci. Sannan ta auna wannan da ƙa'idojin tace fim: kada hoto ya yi gajarta har ido ya kasa kama shi, kada ya daɗe har ya gundura, kada a yanka tsakanin hotuna biyu masu kama da juna har ɗan wasa ya zama kamar ya yi tsalle. Daga cikin ɗimbin hanyoyin da za a iya jera hotunan, sai ta lissafo wadda ta fi cika waɗannan sharuɗɗa daga farkon fage zuwa ƙarshensa. A baya-bayan nan kuma masu binciken sun fara sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu karanta harshe su bi zancen 'yan wasa, don na'ura ta gane wanda ake magana a kansa, ba mai maganar kaɗai ba.

To, masu sauraro, ga inda hujjata take. Masu sukar wannan fasaha sukan ɗora aikinta kusa da na gidan wasan Landan su ce ai bai kama ƙafarsa ba. Gaskiya ne, bai kama ba. Amma wannan awo bai dace ba, domin wasan da na'ura za ta tace ba shi ne wanda Landan za ta tura wa kyamarori ba. Zaɓin da ke gaban ƙaramar ƙungiya shi ne tsakanin aikin na'ura da faffaɗan hoton nan da ba ya kalluwa, ko kuma babu komai. Kuma asarar da ke cikin babu komai ba ƙarama ba ce. A 2013 wani shirin bincike a Faransa ya ɗauki gwaje-gwajen wasan opera na Elektra da darakta Patrice Chéreau ya shirya don bikin Aix-en-Provence. An nuna wasan a watan Yuli, Chéreau ya rasu a watan Oktoba. Wanda ke son ganin yadda wannan gwani ke sarrafa 'yan wasa a aikinsa na ƙarshe, irin wannan ɗauka ce kaɗai za ta nuna masa. Mu ma nan abin ya shafe mu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999 bayan shekaru masu yawa yana wasa a gaban jama'a, amma abin da muke da shi na muryarsa ya fi abin da muke da shi na hoton wasansa nesa ba kusa ba. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya ga ɗalibai zubi bayan zubi tun shekarun 1970. A Nijar, Yazi Dogo da abokan wasansa sun cika zaure da dariya da wa'azi. Ƙungiyoyin Hausa na makarantu suna shirya wasa kowace shekara. Ɗalibin da ke son nazarin yadda ake taka dandamali a ƙasar Hausa, nawa daga cikin waɗannan zai samu ya zauna ya kalla, yana ganin fuska da motsin hannu?

Sai dai akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma ba na wasa ba ne. Na farko shi ne na masu cewa wasan daɓe rayuwarsa a lokacin da ake yin sa take, duk abin da aka naɗa ya zama wani abu daban. Wata malamar nazarin wasanni a Amurka, Peggy Phelan, ta yi fice da wannan ra'ayi a littafinta na 1993. Akwai gaskiya a ciki. A zaure kana numfashi tare da 'yan wasa, dariyar maƙwabcinka tana ƙara wa taka ƙarfi, kuma kai ne sarkin idonka, kana iya barin jarumi yana magana ka zuba wa bawan da ke rakuɓe a gefe ido. Bidiyon da aka tace ya ƙwace maka wannan sarauta. Amma a lura, wannan ƙorafi ya hau kan kowace irin ɗauka, ta mutum da ta na'ura, kuma duk da shi ɗakin karatu na jama'a na New York yana adana bidiyon wasannin daɓe tun 1970, domin masana sun ga cewa shaida mai naƙasu ta fi rashin shaida. Abin da ya fi haka ma, hanyar kyamara ɗaya ta fi tsohuwar hanya kusa da amsa wannan ƙorafi. Idan darakta ya yanka kai tsaye daga kyamarori da yawa, sau da yawa abin da ya zaɓa shi ne ke saura. A sabuwar hanya kuwa faffaɗan hoton yana nan daram, dandamali duka daga farko har ƙarshe, kamar yadda mai zama a tsakiyar zaure ya gan shi. Kuma babu mai kyamara da ke gilmawa a gaban 'yan kallo, babu kujerun da aka cire. Wannan shi ya sa na ce sharaɗin farko shi ne a ajiye asali. Muddin yana nan, duk tacewar da aka yi ra'ayi ce da za a iya dubawa a gyara.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: na'ura ba ta san ma'ana ba. Masu fim sun san tun gwajin da Lev Kuleshov ya yi a Rasha sama da shekara ɗari da suka wuce cewa yanka yana ƙirƙirar ma'ana. Ya haɗa fuska ɗaya tak ta wani ɗan wasa da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace, sai 'yan kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba. Walter Murch, ɗaya daga cikin manyan masu tace fim na Amurka, da ya jera abubuwa shida da ke sa yanka ya yi kyau, sai ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, kari kashi 10, inda ido ke bi kuwa kashi 7 kacal. Ku duba da kyau: abin da na'ura ta fi iya aunawa yana ƙasa-ƙasan jerin, abin da ya fi komai nauyi kuma shi ne wanda ba ta ji. A ɗauki fage inda miji ke sanar da uwargida zai ƙara aure. Shi ne mai magana, shi ne mai motsi, yana kai da kawo yana kawo hujjoji. Ita kuwa tana zaune tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ce uffan ba, sai dai hannunta ya tsaya cak. Duk wasan yana cikin wannan hannu da ya tsaya. Manhajar da ke bin mai magana za ta bar mu da miji har ya gama. Ban musanta wannan rauni ba. Amsata ita ce, bin idon 'yan kallo yana rage shi, domin mutane sun san su dubi uwargida, kuma abin da ya rage mai ba da umarni ne zai cike shi. Na'ura ta yi daftari na wasan awa biyu, shi kuma ya zauna ya gyara wuraren da zuciyar wasan take. Ai shi ya sa manhajar da ƙungiyar Ronfard ta saki kyauta a 2020 ta bar wa mutum damar zaɓen hoto daga cikin waɗanda ta shirya. Sharaɗina na biyu ke nan.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi shafar mu kai tsaye: waɗannan manhajoji a wasu ƙasashe aka horar da su, da fuskokin wasu mutane, a kan irin dandamalinsu. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin kasuwa uku da ke bambance namiji da mace daga hoton fuska, suka samu kuskuren ya kai kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare bai kai kashi ɗaya ba. Ku haɗa wannan da zaure mai ƙarancin haske, da rawani da amawali, da mayafi, da babbar riga da ke sauya siffar jiki. A watan Oktoban 2020, a wasan ƙwallo tsakanin Inverness da Ayr United a Sikotland, kyamara mai sarrafa kanta ta yi ta bin sanƙon mataimakin alƙalin wasa tana zaton ƙwallo ne. Idan haka ta faru a filin ƙwallo mai layi da ƙa'ida, me zai faru a fagen kiɗa, inda 'yan amshi ke jere da tufafi iri ɗaya, masu liƙi na shiga suna fita, maroƙi na kirari daga gefe, jama'a kuma sun yi da'ira ta yadda babu gaba babu baya? Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma abin da yake koya mana shi ne mu shiga a dama da mu. Manhaja tana koyo ne daga abin da aka nuna mata. Idan sassan nazarin wasan kwaikwayo da na kimiyyar kwamfuta na jami'o'inmu suka haɗa kai, suka tara bidiyon wasanninmu, suka rubuta inda ɗan kallo Bahaushe ke kai idonsa idan ana kiɗan kalangu ko ana tashe, to za a samu na'urar da ta san cewa amshi yana da nauyi kamar jagora. Idan muka naɗe hannu, wasu za su gina ta da ƙa'idarsu, mu kuma mu saya a haka.

Akwai kuma tsoron rasa aiki. Matasa da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi suna cin abinci da ɗaukar hoto da tace bidiyo, kuma ba zan ce musu babu abin damuwa ba. Aikin da ba ya buƙatar tunani, kamar tsayawa awa uku a bayan kyamara ana bin mai jawabi, zai ragu. Amma a duba inda fasahar ta fi amfani: wasannin da a yau babu wanda ake biya ya tace su, domin babu kuɗin. Wasan da a da zai ci mako guda ana tacewa, don haka ba a taɓa tace shi ba, idan ya koma aikin yini ɗaya sai ƙaramar ƙungiya ta iya biya. Mai tacewar da ya san wasa, ya san inda ake dariya da inda ake shiru, darajarsa ƙaruwa za ta yi, domin shi ne mai gyara abin da na'ura ta kasa. Haka nan batun haƙƙi. Idan ɗauka ta yi arha, ɗauka ba izini ma za ta yi arha. Ɗan wasan da ya amince ya fito a gaban mutum ɗari biyu bai amince a jawo fuskarsa a watsa ta a TikTok ba, kuma matar da ta zo kallo ba ta zo don a nuna ta ga duniya ba. Tun kafin a kafa kyamara ya kamata a zauna da marubuci da 'yan wasa da makaɗa a rubuta wa ke da bidiyon, ina za a nuna shi, kuma yaya za a raba abin da ya kawo.

Saboda haka ga shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin wasa, da malaman makarantu, da masu kula da cibiyoyin al'adu. Kada ku jira sai manhajar ta zo hannunku. Abin da take buƙata kuna iya fara tara shi daga yau. Ku samu kyamara ko waya mai ɗaukar 4K, ku ɗora ta a kan ƙafa mai ƙarfi a tsakiyar bayan zaure, sama da kawunan mutane, ku saita ta ta haɗo dandamali duka, sannan ku ƙyale ta, kada a jawo hoto, kada a juya ta. Ku ba dandamali haske isasshe, domin hoton da aka ɗauka a duhu ba ya jure yankowa. Ku naɗi sauti daban, kusa da bakin 'yan wasa, domin mai kallo yakan yafe hoto mai rauni amma ba ya jure muryar da ba ta fita. Ku rubuta ranar wasa da wurin da sunayen waɗanda suka fito, ku ajiye kofi biyu a wurare daban-daban. Manhajoji za su ci gaba da inganta, kuma hoton da kuka ɗauka bana za a iya tace shi da na'urar da za ta fito nan da shekara goma, ta fi ta yau ƙwarewa. Wasan da ba a ɗauka ba kuwa, babu fasahar da za ta dawo da shi. A bar na'ura ta yi aikin wahala, a bar wa mai wasa hukunci, a kuma riƙe asali a matsayin amana ga masu zuwa.

  

(Kiɗan rufe shiri)